Yadda Ake Bin Labarin Kokawar Masu Mai Daga Zangon Kumasi

Shekara 19 na yi ina jan tankar mai. Daga Tema, tashar jiragen ruwan Ghana, nake ɗauko kaya, wani lokaci in sauke nan Kaase, wani lokaci in wuce Buipe ko Bolga, a shekarun ƙarshe har Wagadugu na riƙa kaiwa. Duk wanda ya yi aikin nan ya san rabinsa jira ne: jiran layi a defo, jiran takarda, jiran jirgin ruwa ya gama saukewa. A zaman jiran nan na saba da rediyo, a nan kuma na fara tambayar kaina daga ina abin da nake ja a bayana yake fitowa, wa kuma ke yanka masa farashi. Yanzu ciwon baya ya raba ni da doguwar tafiya. Ina Aboabo, bayan isha'i kuma ina majalisar ataya ta bakin layinmu.

A watan Yunin 2025, ana tsakiyar yaƙin kwana 12 na Isra'ila da Iran, ɗan ƙanwata mai tuƙa pragya, keke mai ƙafa uku na haya, ya zo majalisa ya miƙo mini waya. Ya ce, "Kawu, saurari wannan. An ce Iran ta rufe teku, gobe litar fetur za ta ninka." Na ce ya zauna. Mai maganar wane ne? Bai sani ba. Tekun a ina yake? Ya ce can wajen Larabawa. Yau nawa aka sayar da ganga? Ya yi shiru. Ga shi kuma har ya nemo jarkoki biyu zai je gidan mai.

Abin da na koya masa a daren nan da wasu darare bayansa shi zan rubuta a nan, don ba shi kaɗai ba ne. Mu mutanen Zango mun fi sanin abin da ke faruwa a Riyad da Tehran fiye da abin da ake tattaunawa a majalisar gundumarmu ta Asokore Mampong. Sai dai da zuciya muke bin labarin, kowa ya riga ya zaɓi nasa tun kafin a gama karanta kanun labarai. Ni kuwa tanka ta koya mini in bi gangar mai.

Taswira tukuna

Nemi littafin rubutu irin na 'yan firamare. A shafin farko zana ƙasar Larabawa da hannunka, ko da ta fito a karkace. Ta gabas sa Tekun Fasha, Iran na ɗaya gaɓar. Ta yamma sa Bahar Maliya, wanda alhazanmu ke hangowa ta tagar jirgi in an kusa Jidda. Sai ka ɗiga alama wuri uku: Hurmuz, ƙofar fita daga Tekun Fasha, tsakanin Iran da Oman, Babul Mandab, tsakanin Yaman da Jibuti, da mashigin Suwez na Masar. Na nace sai da hannu ne don hanyar da ka tuƙa da kanka sau ɗaya ta fi zama a kai a kan wadda aka kwatanta maka sau goma.

A inda ya fi ƙunci, faɗin Hurmuz bai kai kilomita 40 ba, bai ma kai tafiyar Kumasi zuwa Konongo ba. Amma a 2023 da 2024 kimanin ganga miliyan 20 ke bi ta nan kowace rana, kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke ƙonawa. Miliyan 20 ba ta shiga kai, bari in mayar maka da ita lissafin direba. Ganga ɗaya lita 159 ce. Babbar tanka irin wadda na ja tana cin lita 54,000. Babban jirgin dakon mai guda ɗaya yana ɗaukar ganga miliyan 2, wato kusan tanka 6,000 irin tawa a cikin jirgi ɗaya. Irinsa goma ke nan kullum, ta ƙofa ɗaya tak. Ranar da na fara wannan lissafi a bayan takardar kaya, na daɗe ina kallon tankokinmu da suka cika fili a Tema, ina ganin ƙanƙantarsu.

Ƙara layi biyu a zanen. Ɗaya bututun Saudiyya ne da ya ratsa hamada daga gabas zuwa Yanbu a bakin Bahar Maliya, ɗaya kuma na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ke fita Fujaira, bayan Hurmuz. Tsoron ƙofar nan ya sa aka shimfiɗa su, kuma ko an haɗa su ba sa ɗauke duk kayan. Kuwait da Katar ba su da irin wannan mafita. Sannan ja kibiya daga Hurmuz ta nufi gabas, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na ɗanyen man da ke fita ta nan Asiya yake zuwa: Sin, Indiya, Japan, Koriya ta Kudu. Dubi kibiyar nan da kyau. Jiragen yaƙin da ke gadin tekun na Amurka ne, hedikwatarsu na Bahrain, amma masu sayen kayan suna gabas. Yawancin kokawar da kake ji daga wannan saɓanin take tasowa.

Tambaya uku ga kowace ƙasa

In kana son sanin ɗan kasuwa a Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, ba ka tsayawa kan abin da ya rubuta a saman shagonsa. Sai ka duba me yake sayarwa, wane ne babban mai sayensa, wa kuma ke masa gadi da dare. Ba kowace ƙasa shafi ɗaya, ka amsa mata waɗannan.

Saudiyya ɗanyen mai take sayarwa, Sin ce kan gaba a masu saye, mai gadinta kuwa Amurka ce tun ganawar da Sarki Abdul'aziz ya yi da Shugaba Roosevelt a cikin jirgin ruwan yaƙi a Fabrairun 1945. Da wannan kaɗai za ka gane shekarar 2022. A Yuli Biden ya je Jidda yana neman a ƙara mai a kasuwa. A Oktoba ƙungiyar OPEC da abokanta irin su Rasha suka ce za su rage ganga miliyan 2 a rana, ran Amurka ya ɓaci. A Disamba aka yi wa Shugaba Xi na Sin gagarumar tarba a Riyad. A majalisarmu wasu suka ce shi ke nan, Saudiyya ta saki Amurka. Ba ta sake ta ba, raba ƙafa ta yi, kamar yadda duk mai shagon da babban mai sayensa ba ya ga maciji da mai gadinsa zai yi.

Iran ma mai take sayarwa, amma tun 2018, da Trump ya fice daga yarjejeniyar nukiliya ta 2015 ya mayar da takunkumi, kusan duk abin da take fitarwa Sin ke saye, kuma da rangwame. Kakanninmu fataucin goro ne ya kawo su Kumasi, sun san halin da mai kaya ke shiga in mai saye ɗaya ne rak a kasuwa, huhun goro kuma ba ya jira. A gurbin mai gadi rubuta: babu na waje. Da makamai masu linzami take gadin kanta, da abokanta a Lebanon da Iraƙi da Yaman, da kuma zamanta a bakin ƙofar Hurmuz.

Sin ba ta sayarwa, saye take, kimanin ganga miliyan 11 a rana, babu ƙasar da ta kai ta. Tana saye a hannun Saudiyya, tana saye a hannun Iran, tana saye a hannun Rasha. Wanda ke cin tuwo a gida uku ba ya son gidajen su yi faɗa. Sansanin sojanta na farko a waje a Jibuti ta buɗe shi a 2017, daidai bakin Babul Mandab, amma ba ta ɗauki nauyin gadin kowa ba, kuma a ganina ba ta gaggawar ɗauka, tun da wani na yi mata aikin.

Indiya ce mutanenmu suka fi mantawa da ita. Fiye da kashi 85 cikin 100 na ɗanyen man da take amfani da shi daga waje yake zuwa, 'yan ƙasarta sama da miliyan 8 kuma suna aiki a ƙasashen Larabawan Tekun Fasha suna aika kuɗi gida. A Mayun 2024 ta sa hannu kan yarjejeniyar shekara 10 ta gudanar da wani sashe na tashar ruwan Cabahar ta Iran, wadda ba ta kai kilomita 200 ba daga Gwadar, tashar da Sin ta gina a Pakistan. Sa su biyun a taswirarka, za ka ga kishiyoyi ne masu ƙofa na kallon ƙofa.

Sauran ka yi su a gurguje. Turkiyya ba ta da wani mai na a zo a gani, jarinta bututan da ke ratsa ƙasarta ne, da 'yan kwangila, da sojoji. Tana da sansani a Katar da Mogadishu. Daular Larabawa tashoshin ruwa take bi, daga Berbera har Dakar da Luwanda. Katar iskar gas ce arzikinta, kuma filin gas ɗin nata ɗaya ne da na Iran a ƙarƙashin teku, ga kuma babban sansanin Amurka na Al-Udaid a ƙasarta. Wanda ya haɗa rijiya da maƙwabci dole ya iya bakinsa.

Inda muke tuntuɓe

Nan ne zan daɗe, don nan ne abin ya taɓa ni. A majalisarmu akwai Batijjane irina, akwai wanda ya yi karatu a Madina, akwai wanda ya je Ƙum, birnin malaman Shi'a a Iran. A Janairun 2016, bayan Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa kan malamin Shi'a Nimr al-Nimr, aka kai wa ofishin jakadancinta hari a Tehran, ƙasashen suka yanke hulɗa, har alhazan Iran ba su yi aikin Hajjin shekarar ba. A layinmu mutum biyu da suka yi makarantar allo tare, kwanon cin abincinsu ɗaya tun suna yara, suka daina gaisawa. An yi wa ɗaya haihuwa, ɗayan bai je suna ba. Na yi ta kai da komo tsakaninsu, ban ci nasara ba.

Ranar 10 ga Maris 2023 sai ga hoto daga Beijin: wakilin Saudiyya a gefe, na Iran a gefe, Wang Yi na Sin a tsakiya. Iraƙi da Oman sun daɗe suna share fage, Sin ta zo ta ƙulla. Aka sake buɗe ofisoshin jakadanci. Masu faɗan sun shirya, mutanen layinmu kuwa shekara bakwai ta tafi musu a banza, kuma ko bayan hoton gaisuwarsu ba ta koma yadda take ba. Har yanzu in na tuna raina yana sosuwa.

Saboda haka duk labarin da aka kawo maka cikin rigar Sunna da Shi'a, gwada shi da waɗannan. Kafin juyin juya halin 1979 Iran ƙasar Shi'a ce, amma a zamanin Shah ita da Saudiyya suna sahu ɗaya a bayan Amurka. A Yunin 2017 Saudiyya da Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka rufe wa Katar iyaka, gwamnatocinsu duk na Sunna, ita ma haka. Waɗanda suka buɗe mata sararin sama suka aika mata abinci Iran ce da Turkiyya, sai a Janairun 2021 aka sasanta a Al-Ula. Turkiyya da Saudiyya sun yi tsamin dangantaka bayan kisan ɗan jarida Khashoggi a Istambul a 2018, amma da tattalin arzikin Turkiyya ya shiga matsi, Erdogan ya sauka Jidda a Afrilun 2022. Babban mai sayen man Jamhuriyar Musulunci ta Iran kuma gwamnatin jam'iyyar kwaminis ce. Ban ce aƙida ba ta da tasiri ba, tana da shi, musamman wajen tara jama'a. Amma ban taɓa ganin ta hana wata gwamnati sayar da ganga ba.

Akwai kuma maganar alheri, kuma ba zan raina shi ba. Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda a Accra, garin da dattawanmu ke kira Ankara, Turkawa ne suka gina shi, aka buɗe a Yulin 2021. Na yi salla a ciki, gini ne da ke faranta ran kowane Musulmin Ghana. Jami'ar Musulunci ta East Legon Iraniyawa suka kafa ta. 'Ya'yanmu da yawa sun yi karatu kyauta a Madina, ƙungiyoyin agaji na Kuwait sun haƙa rijiyoyi a ƙauyukan arewa. A karɓa, a gode, a yi addu'a. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malamin da wata ƙasa ta ciyar shekara shida ba maƙaryaci ba ne in ya kare ta, halacci ne irin na ɗan Adam. Ka ɗauki fiƙihu a wurinsa da ladabi, in an zo maganar wa ya harba me a teku ka nemi ƙarin shaida.

Wa ke biyan mai magana

Gidajen da ke yi mana magana da Hausa suna da yawa: BBC tun 1957, rediyon Sin daga Beijin, sashen Hausa na Tehran, na Jamus, na Faransa, ga TRT Afrika ta Turkiyya da ta shigo a 2023. Masu jin Larabci suna da Aljazira ta Katar da Al-Arabiyya ta Saudiyya. Babu ƙasar da ke biyan albashin masu fassara don kawai tana son harshenmu. Wannan bai sa su zama maƙaryata ba. Yawancin aikin a wajen zaɓe ake yinsa, a faɗi wannan a bar wancan. In babban abu ya faru, saurari gida biyu da ba sa shiri. Abin da suka haɗu a kai rubuta shi, shi ne ƙashin labarin. Abin da ɗaya ya faɗa ɗaya ya tsallake, sa masa alamar tambaya. Kula da kalmomi ma: mutanen da wannan gida ya kira 'yan tawaye, wancan 'yan gwagwarmaya yake ce musu. Ko sunan tekun rigima ne, Iran ta ce na Fasha, Larabawa su ce nasu.

Sai ka koyi raba takarda da siminti. A Maris 2021 Sin da Iran suka sa hannu kan yarjejeniyar shekara 25, manyan alƙaluma suka yi ta yawo a WhatsApp. A Satumban 2023, a taron G20 na Delhi, aka sanar da hanyar kasuwanci daga Indiya ta ratsa ƙasar Larabawa zuwa Turai, don a kishiyanci hanyoyin Sin. Bayan wata guda yaƙin Gaza ya ɓarke, maganar ta yi sanyi. In ka ji an sa hannu, rubuta ranar, bar fili a ƙasa, ka dawo bayan shekara ka ga ko akwai tasha, ko bututu, ko layin dogo da za ka cike filin da shi. Mu da muka ga an aza tubalin hanyoyi da yawa a ƙasar nan ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani.

Ma'aunin da ya fi sauri kuwa shi ne kasuwa. Rubuta "Brent" a wayarka, za ka ga farashin ganga na wannan sa'a. Masu saye da sayar da mai da masu inshorar jirage dukiyarsu ce a kan ruwa, suna samun labari kafin kowane mai saƙon murya. Ranar 14 ga Satumba 2019, da aka kai hari Abƙaiƙ, babbar cibiyar sarrafa man Saudiyya, ganga miliyan 5.7 a rana ta tsaya, kusan rabin abin da Saudiyya ke haƙowa. Ranar da kasuwa ta buɗe farashi ya yi tsalle da kusan kashi 15 cikin 100, cikin 'yan makonni ya sauko da aka gyara. Abin da ya fi zama darasi a wurin Saudiyya, a fahimtata, shi ne mai gadinta bai rama mata ba, kuma daga nan hanyar Beijin ta fara. A daren da ɗan ƙanwata ya zo da jarkoki, mun duba tare, ganga tana dala saba'in da wani abu. Da an rufe ƙofar da kashi ɗaya cikin biyar na man duniya ke bi, ba wannan lamba za mu gani ba. Ranar 23 ga Yuni Iran ta harba makamai kan sansanin Al-Udaid, farashi kuma ya faɗi a ranar, don 'yan kasuwa sun ga an zaɓi sansani an bar jiragen mai. Duk lokacin da maganar rufe teku gaskiya ce, lambar nan za ta faɗa maka ba sai an turo maka murya ba.

Daga teku zuwa gidan mai

Ghana tana sayar da ɗanyen mai, tana sayo tatacce da dala. Tun 2015 gwamnati ta daina yanka farashin lita da kanta, ana sabunta shi sau biyu a wata, ranar 1 da ranar 16. Abu uku ke cikin kuɗin da kake biya: farashin duniya, canjin dala, da haraji. Kowace Juma'a rubuta lamba biyu a littafinka, Brent da kuma sidi nawa, wato kuɗinmu na Ghana, ke sayen dala.

Ga amfanin lamba ta biyun. A 2022, bayan Rasha ta shiga Yukren, ganga ta haura dala 120 a Maris da Yuni. Zuwa Nuwamba ta sauko ƙasa da 100, amma a Nuwamban nan ne litar dizal ta wuce sidi 23 a gidajen manmu, domin dalar da ake saya wajen sidi 6 a farkon shekara ta kusa 15. Ina kan hanya a lokacin, na ga masu motoci sun ajiye su don kuɗin dako ba ya biyan mai. Mutane na zagin Putin, wasu na zagin Larabawa, alhali babban ramin yana cikin aljihunmu. A 2025 aka ga akasin haka: tsakanin Afrilu da Yuni sidi ya ƙarfafa daga wajen 15 zuwa wajen 10, sai ya shanye zafin yaƙin, lita ba ta ninka ba.

In ka ga lambobin biyu suna hawa tare, cika tankinka kafin ranar 1 ko 16. 'Yar'uwa mai aika kaya Tamale ko Bawku ki daidaita kuɗin mota tun kafin ranar. In ɗaya na hawa ɗaya na sauka, kada ka yi gaggawa. Mai odar kaya daga Sin kuma ya sa ido kan Bahar Maliya: da 'yan Husi na Yaman suka fara kai wa jirage hari a Nuwamban 2023, manyan kamfanoni suka koma zagaye Afirka ta Kudu, tafiya ta ƙaru da kwana goma ko fi, jirage da kwantena suka yi ƙaranci, kuɗin dako ya tashi har ga kayan Tema da ba sa bi ta Suwez.

Abu ɗaya nake roƙo da girman Allah: kada ka tara fetur a jarka cikin gidan haya. Na yi shekara 19 da shi a bayana, na san halinsa, tururinsa kaɗai ya isa, ga gawayi a tsakar gida, ga yara. Wanda ya tuna daren 3 ga Yuni 2015 a Circle ta Accra, inda gidan mai ya kama da wuta ana tsakiyar ambaliya, sama da mutum 150 suka rasu, ba ya wasa da wannan.

Shafukan ƙarshe na littafin bar su ga gaɓar tekunmu, don masu kokawar can su ne a nan. An gano man Jubilee, filin mai a tekun Ghana, a 2007. Tun kafin a fara haƙowa a Disamban 2010 an ja daga kan hannun jarin da kamfanin Kosmos na Amurka ke da shi a filin: ExxonMobil ta Amurka ta nema cinikin ya rushe, kamfanin man Ghana ya haɗa kai da CNOOC ta Sin suka taya, shi ma bai yiwu ba. Masana'antar gas ta Atuabo Sinopec ce ta gina da bashin bankin raya ƙasa na Sin. Dala biliyan 3 aka sa wa hannu a 2011, ba duka suka zo ba. A zamanin dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ƙarshen 2015, jirgin ruwan lantarki na Turkawa ya tsaya Tema, daga baya aikin ya koma Sekondi. Layin dogon Tema zuwa Mpakadan da bashin Indiya aka yi shi. A Janairun 2024 aka buɗe matatar Sentuo ta 'yan Sin a Tema, garin da tsohuwar matatarmu ta 1963 take.

Kowane ɗaya yi masa tambayoyin nan: kyauta ce ko bashi, da me za a biya, shekara nawa. Ka haɗa da lambar da ta fi damuna. Man da Ghana ke haƙowa ya haura ganga miliyan 71 a 2019, a 2023 bai kai miliyan 50 ba. Kwamitin PIAC, da dokar kuɗin mai ta 2011 ta kafa, yana fitar da rahoto sau biyu a shekara kan abin da aka haƙo da inda kuɗin ya shiga, kyauta ne a intanet. Da Turanci yake, kuma yana da tsawo. A majalisarmu wani ɗalibin jami'ar KNUST ta Kumasi ne ke karanta mana shafukan farko yana fassarawa, ni in riƙe biro, ɗan ƙanwata kuma ya zuba ataya.